Ƙarfafa ƙasar titi da sinadarai

Ƙarfafa ƙasar titi da sinadarai dabara ce a aikin injiniyan gine-gine inda ake cakuɗa ƙasa da siminti, ko laim, ko kwalta, ko toka, ko wani sinadari, domin ta ƙara ƙarfi kuma ta daina kumbura ko narkewa idan ruwa ya shige ta. Ana yin hakan ne ga ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta, wadda ita ce ke ɗaukar nauyin motoci. Ana komawa ga dabarar idan ƙasar wurin ba ta kai ingancin da ake buƙata ba, kuma ɗauko tsakuwa ko marmara mai kyau daga nesa zai fi tsada. Babu sinadari guda da ke yi wa kowace ƙasa aiki. Abin da ya gyara yumɓun fadama ba lalle ya yi wa rairayin jigawa komai ba, don haka gwajin ƙasa ne ke zaɓar sinadarin da yawansa.

Abin da ke ƙarƙashin kwalta

Baƙar kwaltar da ake gani a saman titi ba ta cika wuce kaurin santimita 4 zuwa 10 ba, a titunan karkara ma takan gaza haka. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗar tushe ta fasasshen dutse ko marmara, sai shimfiɗa ta biyu mai ƙarancin inganci, sannan ƙasar asali ta wurin. Kowace shimfiɗa tana baza nauyin taya ne zuwa fili mafi faɗi kafin ya isa ta ƙasanta. Idan ƙasar asali ko shimfiɗar tushe ta yi laushi, kwaltar sama takan lotsa a sawun taya, ta tsattsage kamar fatar kada, ruwa ya samu ƙofa, daga nan sai rami.

Mafi yawan wannan matsala daga yumɓu take. Ƙwayoyin yumɓu ƙanana ne ƙwarai, ba su kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, kuma falle-falle suke. Fuskarsu tana jan ruwa ta riƙe. Da damina sai ƙasar ta kumbura ta yi santsi, da rani ta tsuke ta dare. Yumɓu iri-iri ne: kaolinait, wanda ya fi yawa a jar ƙasa, bai cika kumbura ba, amma montmorilonait, wanda ke cikin baƙar laka, yana iya ɗaga titi ya sauke shi a cikin shekara guda. Rairayi kuwa ba ya kumbura. Tasa matsalar ita ce ƙwayoyinsa ba sa kama juna.

Tarihi

Gyara ƙasa da abin haɗi ya girmi titin mota nesa ba kusa ba. Rumawa sun yi amfani da laim haɗe da tokar dutse mai aman wuta daga yankin Pozzuoli na ƙasar Italiya, kuma daga sunan garin ne aka samo kalmar fozolana, wadda ake kiran duk wata toka ko gari mai silika da ke taurara idan ya haɗu da laim da ruwa. A China ma an daɗe ana kirɓa ƙasa da laim wajen gina ganuwa da harsashi.

A ƙasar Hausa magina da mata masu daɓe sun san wannan tun kafin zuwan siminti. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa a samu makuba, a yayyafa a kan daɓen ɗaki ana bugu da madaɓi har ya yi tauri da sheƙi, ko a kwaɓa ta cikin yaɓen bango. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da aka ƙona, da gashin jima, da dafara, ana shafe soro da shi don kada ruwa ya ratsa. Manufar ɗaya ce da ta injiniyan yau, wato a sa ƙasa ta kama jikinta kuma ta ƙi ruwa, sai dai nauyin da ɗaki ke ɗauka ba ɗaya ba ne da na tirela.

Joseph Aspdin na Ingila ya yi rajistar simintin Portland a 1824, amma sai a ƙarni na 20 aka fara cakuɗa shi da ƙasa don yin titi. A 1935 aka gina wani ɗan yanki na gwaji kusa da Johnsonville a jihar Karolina ta Kudu a Amurka, wanda ake ɗauka a matsayin titin ƙasa da siminti na farko da aka yi bisa awo. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojoji sun yi amfani da dabarar wajen gina filayen jirgin sama cikin gaggawa. Laim kuma ya samu karɓuwa daga shekarun 1940 a jihar Texas, inda yumɓu mai kumbura ya addabi tituna.

Laim

Laim farar hoda ce da ake samu ta hanyar ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kusan digiri 900 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ya fito daga wuta kai tsaye yana da zafin aiki, yana shan ruwa yana fitar da tururi, kuma yana ƙona fata da ido. Idan aka kashe shi da ruwa sai ya zama hoda mai sauƙin sarrafawa. Ana amfani da duka biyun, yawanci kashi 2 zuwa 8 cikin 100 na nauyin busasshiyar ƙasa.

Aikinsa mataki biyu ne. Na farko yana faruwa cikin sa'o'i kaɗan: kalsiyam da ke cikin laim yana maye gurbin sodiyam da sauran sinadaran da ke manne a fuskar yumɓu, sai rigar ruwan da ke kewaye da kowace ƙwaya ta ragu, ƙwayoyin su dunƙule. Ƙasar da ɗazu take danƙo tana kama tayar gireda sai ta koma tana marmashewa a hannu. Sau da yawa wannan kaɗai ɗan kwangila yake nema, don ya samu wurin da injuna za su taka bayan ruwan sama.

Mataki na biyu yana ɗaukar makonni har watanni. Idan laim ya isa, ruwan da ke cikin ƙasar yakan kai ma'aunin pH na 12.4, wanda ke narkar da silika da alumina daga jikin yumɓun. Waɗannan su ne ke haɗuwa da kalsiyam su zama wani irin danƙo mai taurara, dangin wanda ke cikin kankare. Eades da Grim sun fito da gwajin da ke amfani da wannan lamba a 1966, kuma har yau da shi ake gano mafi ƙarancin laim da ƙasa ke buƙata. Abin lura a nan shi ne yumɓun kansa ne ke ba da rabin kayan haɗin. Shi ya sa zuba laim a rairayi zalla asara ce, domin babu abin da zai kama.

Siminti

Siminti ya zo da nasa silika da alumina, ruwa kawai yake jira. Saboda haka yana aiki a rairayi, da tsakuwa, da marmara, da ƙasa mai ɗan yumɓu. Yawanci ana sa kashi 3 zuwa 7 cikin 100 a ƙasa mai tsakuwa, rairayi mai laushi kuma yakan ci fiye da haka. A yumɓu mai danƙo sosai ba ya cakuɗuwa, sai ya bar curi-curin ƙasa da bai shiga cikinsu ba. A irin wannan hali akan fara sa laim kaɗan, a bar shi kwana ɗaya zuwa uku ya sassauta ƙasar, sannan a bi da siminti.

Siminti ba ya jira. Daga lokacin da ruwa ya taɓa shi ya fara kamawa, kuma ƙa'idar da aka fi bi ita ce a gama dannewa da rola cikin kimanin sa'o'i 2. Idan aka makara, rolar za ta riƙa karya abin da ya riga ya kama ne. Yawansa ma yana da illa. Shimfiɗar da aka cika wa siminti takan yi tauri kamar kankare, ta tsuke yayin bushewa, ta tsage a kwance daga gefe zuwa gefe, tsagar kuma ta fito har saman kwalta.

Kwalta, toka da sauran sinadarai

Kwalta ba ta canza yumɓu, tana lulluɓe ƙwayoyin ƙasa ne ta manne su ta hana ruwa shiga. Ana amfani da ita a narke cikin ruwa, ko a sirka ta da kananzir, ko a mai da ita kumfa ta hanyar fesa ruwan sanyi kaɗan cikin kwalta mai zafi, dabarar da ta samo asali daga aikin Ladis Csanyi a jihar Iowa ta Amurka a shekarun 1950. Ta fi dacewa da rairayi da tsohon titin da aka farfasa za a sake shimfiɗawa.

Tokar kwal daga tashoshin wutar lantarki da dattin masana'antar narka ƙarfe su ne fozolanar da aka fi amfani da ita a Turai da Amurka da Indiya. A ƙasashen noma an fi mai da hankali ga tokar ɓuntun shinkafa, wadda yawancinta silika ce, da tokar tuƙar rake. Tokar ba ta da ƙarfi ita kaɗai, sai an haɗa da laim ko siminti, kuma ingancinta ya dogara ga yadda aka ƙona ta. Tokar da aka ƙona a fili ba tare da kula da zafi ba takan fito da gawayi da yawa.

Gishirin kalsiyam kulorayid yana jawo laima daga iska ya riƙe ƙura a titin burji, amma ruwan sama yana wanke shi, kuma a lokacin hunturu, da iska ta bushe ƙarau, laimar da zai jawo kaɗan ce. Akwai kuma ruwaye da ake sayarwa a durom da sunayen kamfanoni, wasu na asid, wasu na folima, wasu na enzayim. Akan tallata su da cewa 'yan litoci kaɗan za su gyara kilomita guda. Sakamakonsu ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma yawancin kamfanonin ba sa bayyana abin da ke ciki, don haka hukumar da ta san abin da take yi takan nemi a gwada su a kan ƙasar wurin, a jiƙe, kafin ta biya kuɗi.

Gwaji

Gwaje-gwaje uku ne ginshiƙin aikin. Na farko shi ne iyakokin Atterberg, daga sunan Albert Atterberg, masanin ƙasa ɗan Suwidin da ya bayyana su a 1911. Ana auna yawan ruwan da ke sa ƙasa ta fara malala, da wanda a ƙasa da shi take daina murzuwa kamar zare. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce ma'aunin danƙo. Idan ya haura 10 kuma ƙasar tana da gari da yawa, laim zai iya aiki. Idan ya yi ƙasa, siminti ko kwalta ake dubawa.

Na biyu shi ne gwajin Proctor na 1933, wanda ke nuna yawan ruwan da ƙasa ta fi dannuwa da shi. Na uku shi ne CBR, wanda hukumar tituna ta jihar Kalifoniya ta ƙirƙiro: ana danna wani ƙarfe cikin ƙasar da aka daddale a kwano, a kwatanta ƙarfinta da na fasasshen dutse, wanda aka ba lamba 100. Akan jiƙa samfurin a ruwa kafin a gwada, don a kwaikwayi halin da titi zai shiga a tsakiyar damina. Ƙasar da aka sa wa siminti kuma akan matse ta a inji bayan kwana 7 a ga nauyin da za ta ɗauka kafin ta fashe.

Ƙa'idojin tituna da gadoji na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayyar Najeriya, bugun 1997, sun nemi CBR na aƙalla 30 ga shimfiɗa ta biyu da 80 ga shimfiɗar tushe, sannan ma'aunin danƙo kada ya wuce 12. Marmara da yawa takan cika sharaɗin farko ta faɗi na biyu, kuma a wannan giɓin ne siminti ke shigowa.

Yadda ake aikin a fili

Gireda ko injin haƙa yakan fara farfasa ƙasar zuwa zurfin santimita 15 zuwa 20. Inda babu motar baza hoda, akan jera buhunan siminti a tazarar da aka auna, lebura su farke su baza da shebur. Sai a cakuɗa har launin ya zama ɗaya, tankar ruwa ta bi, a sake cakuɗawa, rola ta danne, gireda ta share saman. Bayan nan dole a hana shimfiɗar bushewa na tsawon kwana 7, ko dai da yayyafi safe da yamma, ko a rufe ta da siririyar kwalta.

Lissafi mai sauƙi yana nuna girman kayan. Titi mai tsawon kilomita 1, faɗin mita 7.3 da kaurin santimita 15 yana da ƙasa kimanin mita kubik 1,095. Idan kowace mita kubik ta kai tan 2, nauyin ya zama tan 2,190. Kashi 5 cikin 100 na wannan ya kusa tan 110, wato buhu 2,190 na siminti mai kilo 50. Idan kuma ƙasar a bushe take kuma tana buƙatar ruwa kashi 10 cikin 100, ana maganar lita 219,000 ke nan, ban da wanda rana za ta ɗauke da wanda za a yi yayyafi da shi.

A Najeriya

Marmara ita ce babbar kayan gina titi a Najeriya. Sunanta na kimiyya, latarait, Francis Buchanan ne ya laƙaba mata a 1807 a kudancin Indiya, daga kalmar Latin mai nufin tubali, saboda yadda ake yanka ta da laushi ta taurara a iska. Tana da ƙarfe da alumina da yawa, kuma halinta yana canzawa daga kududdufi zuwa kududdufi, wani lokaci ma a cikin rami ɗaya.

Sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin wuraren da aka fi yin bincike a kan wannan fanni a Afirka ta Yamma. S. A. Ola ya wallafa nazarce-nazarce a shekarun 1970 kan ƙarfafa marmara da siminti da laim, sannan ya shirya littafi kan ƙasashen Najeriya a aikin injiniya a 1983. K. J. Osinubi da ɗalibansa sun ci gaba daga shekarun 1990, inda suka duba illar jinkirin dannewa, suka kuma gwada tokar tuƙar rake da ta ɓawon ɗorawa, sau da yawa a kan jar ƙasar Shika. Cibiyar Binciken Gine-gine da Tituna ta Najeriya, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ita ma tana aiki a fannin.

Ƙasar da ta fi wahalar da injiniyoyi tana arewa maso gabas, a kwarin Tafkin Chadi da sassan Adamawa da Gombe. Baƙar laka ce mai montmorilonait, wadda Barebari ke kira firgi. Da rani takan dare har hannu ya shiga, da damina ta riƙe mota. A nan ne laim ya fi amfani, sai dai Najeriya ta fi samar da siminti fiye da laim na gini. Masana'antun siminti na Kalambaina a Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Obajana a Kogi su ne ke ciyar da arewa, a Jamhuriyar Nijar kuma akwai ta Malbaza. Shi ya sa a aikace siminti ne aka fi gani a titunan ƙasar.

Yankin Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakiyar Jihar Katsina tana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu dangin giranit, waɗanda ke fitowa fili a wurare kamar dutsen da garin Dutsin-Ma ya samo sunansa. A samansu akwai jar ƙasa da marmara a kan tudu, da rairayin da iska ta tara a jigawa, da laka a fadamu da bakin rafuka irin su Karaduwa, inda aka gina Madatsar Zobe. Titi guda da ya tashi daga babbar hanyar Katsina zuwa Kurfi da Dutsin-Ma ya nufi wani ƙauye zai iya ratsa duka ukun cikin 'yan kilomitoci. Wannan ne ya sa ba a ɗaukar samfuri ɗaya a yanke hukunci a kan hanya gaba ɗaya. A tudu marmarar na iya wadatarwa ita kaɗai ko da siminti kaɗan, a jigawa siminti ko kwalta, a fadama kuma sai an ɗaga titin da ciko, an sa kwalbati, kafin a yi maganar sinadari.

Yanayin yankin yana da nasa sharaɗi. Damina gajeriya ce, kusan wata huɗu, kuma ruwan yakan zo da ƙarfi, musamman a Agusta. Aikin titi kuwa da rani ake yinsa, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Afrilu, ko kuma iskar hunturu na busar da komai. Zafin yana gaggauta kamawar siminti, wato yana rage sa'o'in da ake da su don dannewa, kuma yana shanye ruwan da simintin ke buƙata don ya nuna. Shimfiɗar da aka bari ta bushe a kwana na biyu samanta kan zama gari, kwaltar da aka ɗora a kai kuma ta saɓule. A irin wannan wuri nisan da tanka za ta yi zuwa dam ko rijiyar burtsatse yana cikin abin da ke yanke ingancin titi, ko da ba a rubuta shi a allon kwangila ba.

Titunan tarayya suna ƙarƙashin kulawar FERMA, wadda aka kafa a 2002, na jiha kuma suna hannun ma'aikatar ayyuka da hukumar gyaran tituna ta KASROMA. Katsina tana cikin jihohin da ke shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwancin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ke tallafawa. Ga manomin da ke fitar da gero, da dawa, da wake, ko kayan lambun noman rani zuwa kasuwa, bambancin titin da ke biyuwa a Agusta da wanda ba ya biyuwa yana bayyana ne a kuɗin mota.

Matsaloli

Ƙasar da ke da salfet, misali mai jifsam, tana iya haɗuwa da laim ko siminti ta haifar da wani ma'adini mai suna etiringait, wanda ke kumbura ya ɗaga titi fiye da yadda yumɓun zai yi shi kaɗai. Ruɓaɓɓen ganye da taki suna hana siminti kamawa, don haka ake kankare ƙasar sama ta gona a zubar. Iskar kabon da ke sararin sama tana iya mai da laim farar ƙasa kamar yadda yake kafin a ƙona shi idan aka bar shimfiɗar a buɗe, ƙarfin da aka samu ya koma.

Ta fuskar muhalli lissafin yana da ɓangare biyu. Masana'antar siminti tana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya. A ɗaya ɓangaren, gyara ƙasar wurin yana rage zirga-zirgar tifa da yawan kududdufan da ake haƙawa a bar su a gefen gari, waɗanda ke tara ruwa da sauro kuma yara kan faɗa ciki.

Ƙarfafa ƙasa ba ya maye gurbin magudanar ruwa. Titin da ruwa ke kwana a gefensa, ko wanda lambatunsa ya toshe da yashi da leda, zai lalace daga gefe ko da an sa masa siminti daidai. Haka kuma lodin da ya wuce ƙa'ida: gwajin tituna na AASHO da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau 16.